TARIHIN ENRICO RASTELLI, KAKAN 'YAN FIRISTAYIL DA 'YAR SANDAR BAKINSA TA YI AJALINSA

 Na san da yawanku sabbin waƙoƙi kuka shigo nema, wasu kuma gulmar Kannywood, to ku yi mini afuwa, yau wani waje daban za mu leƙa. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Makarfi da ya sa na yi kwana uku ina ƙona data a kan tarihin wani Bature da ya mutu tun 1931. Amma kada ku gudu. Akwai fim a cikin labarin, akwai bal, akwai kuma irin mutuwar da in a fim ɗin Indiya aka saka ta sai mu ce darakta ya cika ƙarya.

Bari in fara da abin da ya jawo. Ina da ƙane ɗan shekara sha biyar, mayen bal ne na ƙarshe, amma ba irin wanda kuka saba gani ba. Shi ba ruwansa da a raba 'yan wasa a shiga fili. Shi dai a ba shi ƙwallo ya zagaya bayan gida, can kusa da inda ake dafa mazarƙwaila, ya yi ta ɗaga ta: ƙafa, gwiwa, kai, ƙeya, ya zauna, ya miƙe, ba ta taɓa ƙasa ba. Abin nan da ake ce wa firistayil. Kuma laifina ne, na yarda, don ni na fara nuna masa bidiyon Iya Traoré a wayata, gayen nan ɗan ƙasar Gini da ke wasa a kan tudun Montmartre a birnin Paris, wanda yake hawa falwayar fitila alhali ƙwallo tana juyawa a kan wani ɗan tsinke da ya cije a baki. Tun daga ranar yaron nan bai sake samun sukuni ba. Ya je ya feƙe reshen darbejiya, ya cije, ya cilla bal sama wai zai tare ta a kai. Bal ta sauko da nauyinta ta doki sandar, sandar ta shige masa dasashi. Jini har gaban riga. Inna ta fito daga madafi, ko kallon mai raunin ba ta yi ba, ni ta nufa, wai ni da wayata ne za mu kashe mata ɗa.

Mun kai shi kemis, an wanke wurin, an ba shi magani, cikin mako guda ya warke. Amma a daren farko barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya ina neman wai shin wane ne ma ya shahara da wannan abu na cizon sanda. A nan na ci karo da sunan Enrico Rastelli. Da na karanta yadda ya mutu, wallahi sai da na tashi na je na haska bakin ƙanena da fitilar waya yana barci.

An haifi Rastelli ranar 19 ga Disamba 1896 a garin Samara. Samara ta ƙasar Rasha fa, ba Samarun Zariya ba, kada wani ya ce ɗan unguwarsu ne. Gari ne a bakin kogin Volga, kuma masu bin bal za su tuna shi, a can ne Kolombiya ta ci Senegal ɗaya mai ban haushi a gasar cin kofin duniya ta 2018, aka kori Senegal saboda ta fi Japan yawan katin gargaɗi. Iyayen yaron 'yan Italiya ne, yawon sana'a ne ya kai su Rasha, haihuwa ta riske su a can. In kuna son ku gane nisan zamanin, shekara shida ke nan kafin Turawan Ingila su kama Zariya.

Sana'ar gidansu ita ce sakas. Wanda ya kalli Dhoom 3 na Aamir Khan, ko tsohon fim ɗin nan na Raj Kapoor, Mera Naam Joker, ya san abin da nake nufi: katafaren tanti, 'yan lilo can sama, masu tafiya a kan igiya, dawaki, masu ban dariya da fenti a fuska. A lokacin babu talabijin, silima ma rarrafe take yi, don haka waɗannan mutane su ne 'yan fim ɗin zamaninsu. Gado ake yi, kamar yadda ake gadon ƙira ko kiɗan fada a nan wajenmu. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya auri 'yar wani gidan sakas ɗin, yau suna wannan gari gobe sun naɗe tanti sun wuce.

Wani ɓangare na ƙuruciyarsa ya yi shi ne a garin Bergamo da ke arewacin Italiya, wajen dangi, daga baya ya koma hannun iyayensa a Rasha aka fara gasa masa horo. Tsalle, alkafura, tsayuwa da hannu, lilo. Yana ɗan shekara 13 ya fara fitowa gaban jama'a a cikin wasan lilon iyayensa. Amma ransa ba a can yake ba. Abin da yake so shi ne cilla abubuwa sama yana cafewa, biyu, uku, huɗu a lokaci guda, kamar 'yar carafke amma ba duwatsu a ƙasa. Masu ba da tarihinsa sun ce gidan ba su so ba, sun fi son ya tsaya a kan abin da aka san su da shi, shi kuma sai ya riƙa ɓuya yana gwadawa. Da na zo nan sai da na yi dariya ni kaɗai, don Baba ma kullum maganarsa ke nan a kan ƙanena, wai mutumin da zai iya awa uku yana ɗaga bal ai zai iya awa uku yana saran rake.

To a nan ne labarin ya fara daɗi, ku biyo ni a hankali. A wancan zamanin akwai manyan masu wannan wasa, kuma salonsu ɗaya ne. Mutum zai fito cikin kwat da doguwar hula kamar zai je liyafa, ya ɗauki kayan teburin cin abinci, faranti, kwalba, cokali, hularsa, sandarsa, har kujera, ya yi ta cillawa yana cafewa. Abin burgewar shi ne ka ga an yi abin mamaki da kayan da kai ma kana da su a gida. Akwai Paul Cinquevalli, akwai wani Bajamushe da sunan wasansa Kara, wanda ni da na fara gani na ɗauka karan dawa ake nufi. In kun taɓa ganin 'yan hoto a bikin ƙauye suna wurga garma sama suna tarewa, to tunanin kusan ɗaya ne, kayan aikin yau da kullum ne ya zama kayan wasa.

Rastelli ya ƙi bin wannan hanya. Ya haɗu da wani ɗan Japan mai suna Takashima, ya ga irin wasan da mutanen can suka daɗe suna yi da 'yan sanduna da ƙwallo, har da sandar da ake cijewa a baki a tsayar da ƙwallo a kanta. Kun ga ke nan asalin sandar da ta fasa wa ƙanena dasashi, daga Japan ta taso, ta bi ta Rasha, ta bi ta Paris, ta sauka a Makarfi. Yana ɗan shekara 19 ya fara fitowa shi kaɗai, har rigar mutanen Japan yake sawa, wadda suke kira kimono. Daga nan ya yanke shawarar da ta canja sana'ar baki ɗaya. Ya ajiye kwalabe da kujeru da hula, ya tsaya a kan abu uku kawai: ƙwallo, sanda, faranti. Dalilinsa a fili yake. Kwalba ba don cillawa aka yi ta ba, nauyinta ya karkata gefe guda, kana iya burge mutane da guda uku amma ba za ka wuce nan sosai ba. Ƙwallo kuwa duk ta inda ka kama ta daidai ne. Da zarar kayan sun zama masu sauƙin kamawa, sai ya rage saura gwaninta tsagwaronta, babu abin da za ka fake a bayansa. Ni a ganina kamar bambancin mawaƙin da na'ura ke gyara wa murya a situdiyo ne da wanda za a ajiye masa kalangu a ce bismilla.

A 1917 ya yi aure, ya auri wata mai tafiya a kan igiya, 'yar gidan Price, su ma gidan sakas ne. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Amma shekarar ba ta daɗi ba ce a Rasha. Ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, ga juyin juya hali ya kifar da sarki, ga yaƙin basasa ya biyo baya. Wa zai sayi tikitin kallon mai cilla faranti alhali burodi ya gagara? Wajen 1919 iyalin suka tattara suka bar ƙasar suka koma Italiya, kusan daga farko aka sake soma rayuwa.

Ba a daɗe ba abin ya buɗe masa. A 1922 ya hau dandalin Hippodrome a Landan, a 1923 ya tsallaka Amurka, har ya yi wasa a gidan Palace na New York, wanda a lokacin duk mai wasan dandali burinsa ke nan ya taka shi. Daga nan ya bar tanti ya koma manyan gidajen wasa na birane, inda kuɗin ya fi kauri. Jamusawa musamman sun so shi kamar me. Ya zama cikin masu karɓar kuɗi mafi yawa a sana'ar, ya gina katafaren gida a Bergamo.

Yanzu me yake yi ne haka da har ake wannan rububi? An shaida masa cilla faranti takwas, sanduna takwas, da ƙananan ƙwallaye goma. Goma fa, da hannu biyu. Na san wani zai ce ai daga uku zuwa goma ƙari ne kawai na bakwai. Ba haka ba ne, kuma a nan ɗan abin da ya rage mini a ka na darasin fizis ya yi mini rana. Duk lokacin da ka ƙara ƙwallo, dole kowacce ta ƙara daɗewa a sama kafin hannu ya samu sararin karɓarta. Matsalar ita ce, in kana son abu ya ninka daɗewarsa a sama sau biyu, ba ninki biyu za ka ƙara tsawon jifar ba, ninki huɗu ne. Kuma duk yadda jifa ta ƙara nisa, ɗan kuskuren da hannunka ya yi a ƙasa sai ya zama babba a can sama, ƙwallaye su yi karo ko su faɗo nesa da kai. Don haka kowace ƙwallo ɗaya da aka ƙara, wahalar ba ƙaruwa take ba, ninkuwa take. Shi ya sa aka yi shekaru masu yawa bayan mutuwarsa ana auna masu sana'ar da shi.

Amma ni ba yawan ne ya fi tsaya mini a rai ba, haɗin gambizar da yake yi ne. Mutum yana cilla faranti shida, a lokaci guda zobe yana juyawa a ƙafarsa ɗaya, a lokaci guda kuma yana tsallen igiya da ɗaya ƙafar, wani yana kaɗa masa igiyar. Ku gwada shafa ciki da hannu ɗaya kuna buga kai da ɗaya hannun, ku ga yadda ƙwaƙwalwa ke rikicewa, sannan ku dawo ku sake karanta wancan layin. Ga kuma juya ƙwallo a kan ɗan yatsa, wanda ya zama kamar tambarinsa. Sirrin wannan duk wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san shi: muddin tana juyawa da ƙarfi tana tsaye, da ta rage gudu sai ta fara layi ta faɗi. Aikin mai wasan shi ne ya nemo tsakiyarta ya kuma hana juyin mutuwa.

Kuma ba sihiri ba ne, ba layu, ba guru. Atisaye ne na fitar hankali. Duk waɗanda suka rubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa awanni masu yawa yake yi kullum, shida zuwa sama, ko a ranar da zai yi wasa da daddare. Mutumin da ya riga ya zama na ɗaya a duniya, yana da gida yana da kuɗi, amma gari na wayewa yana nan yana maimaita abu ɗaya sau ɗaruruwa. Gaskiya a nan na ɗan ji kunya, don ni wannan rubutun ma sai da na ɗaga shi sau biyu saboda wai ba caji.

To ga fim ɗin da na yi muku alkawari. A 1925 kamfanin UFA na Jamus ya fitar da wani fim mai suna Varieté, daraktansa E. A. Dupont, jaruminsa Emil Jannings, wanda bayan shekara huɗu, a 1929, ya zama mutum na farko da aka ba kyautar Oscar ta gwarzon jarumi. Fim ne marar sauti, baƙi da fari, sai dai a rubuta magana a allo. Labarin kuwa in na ba ku sai ku rantse daga Kano aka rubuto shi. Wani ɗan wasan lilo ne ya bar matarsa da ɗansa saboda wata yarinya, suka tafi Berlin suka haɗu da wani shahararren ɗan lilo suna wasa su uku. Yarinyar ta koma son na biyun a ɓoye. Kuma ku duba tashin hankalin, a cikin wasan shi mai kishin ne yake cafe kishiyarsa a sama, in ya ga dama ya saki hannu shi ke nan. Ba zan ƙarasa muku ba, amma dai daga gidan yari yake ba da labarin, kun ga kun gane. Masana fim har yau suna maganar wannan aiki saboda mai ɗaukar hoto, Karl Freund, ya sa kyamara tana lilo tare da 'yan wasan, abin da ido bai saba gani ba a lokacin. A cikin masu wasan dandalin da aka nuna a fim ɗin akwai Rastelli, yana abin da ya saba. Ba shi ne jarumi ba, fitowa ce irin wadda ake gayyato shahararren mawaƙi ya leƙo a fim don a ƙara masa armashi.

Akwai kuma wasu gajerun hotunansa na bidiyo da suka rage, suna nan a YouTube, ku rubuta sunansa kawai. Hoton ya tsufa, yana rawa, ba sauti. Amma ku kalli jikinsa. Siririn mutum, fuska a sake, yana murmushi, ba ka ganin alamar wahala ko kaɗan. Ƙwallo ta gangaro daga goshi ta zauna a ƙeya, ta koma, ta hau sanda, kamar an ɗaure ta da zare. Na nuna wa ƙanena ba tare da na faɗa masa shekarar ba, ya ce wai tacewa aka yi aka mayar da shi baƙi da fari don ya yi kama da na da.

Abin da ya sa nake kiransa kakan 'yan firistayil shi ne salon da ya ɗauko a ƙarshen rayuwarsa, wajen 1930, shekarar da aka buga gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay. Ƙwallon ƙafa ta fara cin zuciyar Turai, shi kuma mutum ne mai karanta jama'a. Sai ya fito dandali cikin kayan 'yan bal, riga da gajeren wando da safa, aka shirya wurin kamar fili har da raga. Ya ɗauki ƙwallayen ƙafa na gaske yana wasa da su, har guda biyar a lokaci ɗaya, da hannu, da ka, da ƙafa. Kuma ku tuna wace irin bal ce a lokacin. Ba irin ta yanzu mai santsi da sauƙi ba. Fata ce ɗinkakkiya, da igiyar ɗauri a gefe guda kamar takalmi, ba ta cika zagaye daidai ba, in ta sha ruwa kuma ta ƙara nauyi. Masu buga tamaular tsumma a lungu za su fi kowa gane abin da ake nufi da ƙwallon da ba ta da tabbas.

Ba ɗan ƙwallo ba ne, bai taɓa zama tauraron wata ƙungiya ba. Amma sunansa ya shiga bakin masu kallon bal. A Jamus, in ɗan wasa ya iya sarrafa ƙwallo fiye da kima, sai 'yan jarida su kira shi Rastelli, kamar dai yadda a filin unguwa in yaro ya cika yanka sai a ce masa Okocha.

Sai 1931. Yana yawon wasa a Jamus ya ji rauni a dasashi. Labarin da aka fi bayarwa shi ne sandar bakinsa ce ta yanke shi. Yana da wani salo da jama'a ke so, ya jefa wa 'yan kallo ƙwallo su wurgo masa ita ya tare a kan sandar da ya cije, kuma ba kowane ɗan kallo ne ya san a hankali ba. Ƙaramin ciwo ne, irin wanda mutum zai kurkure baki ya ci gaba da harkarsa, kuma abin da ya yi ke nan. Amma jinin ya ƙi tsayawa, wurin ya kamu da cuta, jikinsa ya fara rauni. Ya koma gida Bergamo. A farkon Disamba, duk da halin da yake ciki, ya hau dandalin Teatro Duse ya yi wa mutanen garinsu wasa. Shi ne na ƙarshe. Ya rasu da asubahin 13 ga Disamba 1931, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Saura kwana shida ya cika shekara 35.

Abin da ya fi tsuma ni shi ne lokacin. A 1928 Alexander Fleming ya riga ya gano penisilin a Landan, amma sai a shekarun 1940 aka fara samar da shi da yawa har ya isa ga marasa lafiya. Wato mutumin da ya fi kowa kuɗi a sana'arsa ya rayu ne a zamanin da babu irin ƙwayoyin da mai kemis ɗin unguwarmu ya ƙirgo wa ƙanena a 'yar leda. Ba na cewa da su zai tashi, rai na Allah ne, amma dai na daɗe ina juya wannan a raina.

Dubban mutane ne suka raka gawarsa. A maƙabartar Bergamo an yi masa mutum-mutumi daidai girmansa, yana tsaye da ƙwallo a kan ɗan yatsa, kuma masu wannan sana'a daga ƙasashe suna zuwa ziyara wurin. A shekarar da ya mutu Mamman Shata yana yaro ɗan shekara takwas, Abdullahi Bayero ne Sarkin Kano, kuma sai bayan shekara shida, a 1937, aka buɗe silimar Rex a Kano. Bergamo ɗin nan kuma ba baƙon gari ba ne a wajenku, ko da ba ku sani ba. Garin ƙungiyar Atalanta ne, ƙungiyar da Ademola Lookman ɗinmu ya ci wa ƙwallo uku rigis a ragar Bayer Leverkusen a wasan ƙarshe na kofin Europa a watan Mayun 2024. Da muna ihu a gidan kallo a daren nan, wa ya san akwai wani mai bal kwance a garin tun shekara casa'in da wani abu?

Bayansa abin bai mutu ba. Francis Brunn, Bajamushen da ya koma Amurka, ya ɗora daga inda ya tsaya, ya nuna abin da za a iya yi da ƙwallo ɗaya tak a jiki. Daga dandali sai abin ya gangaro fili. A watan Afrilun 1989, kafin wasan Napoli da Bayern a Munich, Maradona ya yi ɗumin jikin nan da igiyar takalmi a kwance, yana ɗaga bal da kafaɗa da ka daidai da kiɗan waƙar Live Is Life ta ƙungiyar Opus da ake sawa a filin. Mutane da yawa sun manta yadda wasan ya tashi, amma ɗumin jikin har yau ana tura shi a WhatsApp. Sai tallace-tallacen Nike da Ronaldinho, sai YouTube, sai a 2008 aka yi gasar Red Bull Street Style ta farko a São Paulo ta ƙasar Brazil, Séan Garnier na Faransa ya lashe. A nan gida ma Harrison Chinedu ya shiga kundin Guinness a 2016 da ya yi tafiyar kilomita 48 da ɗoriya a Legas da ƙwallo a ka. Yau abin ya zama wasa mai alƙalai da gasa da masu ɗaukar nauyi. Amma ku zauna ku kalli bidiyon yaran nan da kyau, tsayar da bal a goshi, gangaro da ita ƙeya, juya ta a yatsa, ɗora ta a kan sandar baki, duk akwai su a tsohon hoton nan mai rawa.

Ni abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne, a cikin masu yin abin a TikTok da wuya ka samu wanda ya san sunan. Kamar dai yaran da ke bin sabbin waƙoƙin soyayya amma ka ce musu Ɗan Maraya Jos su tsaya suna kallonka. Ba laifinsu ba ne dai, ni ma da dasashin ƙanena bai fashe ba da ban sani ba.

Na ba shi labarin gaba ɗaya ranar da ya warke, muna zaune a kan tarin ɓawon rake. Na ɗauka zai tsorata ya jefar da sandar. Ya yi shiru, sannan tambaya ɗaya ya yi mini, wai ƙwallaye goman nan ƙanana ne ko manya. Na ce ƙanana. Ya ce to da sauƙi. Abin da na iya samu a wajensa kawai shi ne ya naɗe bakin sandar da robar tayar keke, ya daina cillo bal daga sama, sai dai ya ɗora ta da hannu, kuma in ya ga jini ko kaɗan ya faɗa. Inna ba ta san da wannan yarjejeniya ba, ita a saninta an ƙona sandar a murhu, kuma an ƙona ɗin, sai dai ta biyu ce yanzu a ɓoye cikin rufin ɗakin kaji.

Baba kuwa har yanzu yana kan bakansa cewa aikin banza ne. Sai dai shekaranjiya da la'asar na hango shi ya dawo daga gona, ya tsaya a bayan danga da adda a hannu, ya fi minti biyar yana kallon yaron yana ɗagawa, leɓensa yana motsi. Da bal ɗin ta faɗi sai ya yi tsaki ya ce ɗari uku da sha biyu ne, jiya ya fi haka, ya shige gida.